Kafaɗun Sadaukin Gajimare

An yi wani tela a wani layi mai shaguna shida, mutum mai hannu a ɗinki, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba ya musu. Damuwar dai bakinsa. Idan ana zancen jirgin sama, ai ya taɓa rage wa wani matuƙi wando, saboda haka ya san jirgi ciki da waje. Idan ana zancen tiyata, ai shi ya ɗinka wa likita farar riga. Matarsa, wadda duk layin ke kira Maman Auta, ta shekara ashirin da shida tana sauraron wannan, har ta san irin gyaran muryar da yake yi kafin ya fara.

A ƙarƙashin gadonsu akwai akwatin ƙarfe cike da littattafan zane, irin waɗanda ake zana mutane a gida-gida, maganarsu kuma a rubuce a saman kawunansu. Duk labarin mutum ɗaya ne, Sadaukin Gajimare, wani ƙato mai tashi sama yana ceton jama'a. Tun yana ɗan makaranta Tela yake tara su. Sau uku suna sauya gida, sau uku Maman Auta tana yin kamar ta manta da akwatin, sau uku yana komawa ya ɗauko shi a ka.

To sai ga shi an yi fim ɗin Sadaukin, ana nunawa a sinimar da ke saman babban kanti. A wannan sinimar kuwa 'yarsu Auta ta sami aikin duba tikiti a bakin ƙofa, bayan ta yi shekara biyu a gida takardar makarantarta na kwance cikin leda. Wata guda aka ba ta na gwaji. Ranar Asabar watan zai cika, ranar ce Manajan sinimar zai sa hannu a takardarta, ko kuma ya ce ta ajiye rigar aiki. Maman Auta ta riga ta rame a kan wannan Asabar. Kullum sau biyu take goge rigar, kuma duk sanda waya ta yi ƙara sai ta ruga ta ɗauka.

Yarinyar, don ta faranta wa ubanta, ta kawo masa babban hoton tallar fim ɗin. Tela ya shimfiɗa shi a kan teburin yanka, ya sa tabarau, ya duba sama, ya duba ƙasa. Sai ya yi gyaran muryar nan.

"Sun kashe shi," ya ce.

Mai aski, wanda shagonsa ke manne da na Tela, ya leƙo da tsumma a kafaɗa. Shi har sau uku ya kalli fim ɗin.

"Wa aka kashe kuma?"

"Sadauki. Zo ka gani. Ina alkyabbarsa? Wannan guntun abin da ya tsaya a gwiwa, alkyabba ce ko tawul ɗin wanka? Ina kafaɗunsa? Wannan ai kafaɗun akawu ne. Ina ɗan kamfai mai ruwan ɗorawa da yake sawa a kan wando?"

"Gara da suka cire," in ji Mai aski. "Wane baligi ne zai sa kamfai a kan wando ya fita ceton mutane?"

"Kai ka san shi jiya. Ni shekara arba'in muna tare."

"To ka kalli fim ɗin?"

"Ba sai na kalla ba. Ni tela ne. Idan na ga wuyan riga, na san yadda ƙasanta zai kasance."

"Ni ma idan na ga ƙeyar mutum na san abin da ke cikin kansa. Taka kuwa kullum ina ganinta."

Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya, dariyar nan ce kuma ta jawo komai. Tela ya miƙe da almakashi a hannu, ya sanar da layi gaba ɗaya cewa zai ɗinka kayan Sadauki na gaskiya, yadda suke a littafi, ba ragi ba ƙari. Zai sa su, ya je sinima, ya tsaya a gaban allo kafin a fara nuni, ya karanta wa jama'a kurakurai ashirin da bakwai da masu fim suka tafka.

Maman Auta tana daga ciki tana sa maɓallai. Allura ta soke ta.

"Yaushe ke nan, Baban Auta?"

"Asabar, nunin ƙarfe biyu. Ranar an fi cika."

"Wace Asabar? Wadda za a sa wa yarinyar nan hannu a takarda?"

"Ita fa. Manaja ya ga irin gidan da ta fito."

Da yamma Auta ta dawo ta ji labari, ta zauna a bakin gado takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta roƙi ubanta ya bari sai wata Asabar. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane. Ta ce to ya je wata sinimar. Ya ce a nan aka yi laifin. Daga ƙarshe ya buɗe littafi ya nuna mata wani ɗan ƙyalle baƙi mai huda biyu da Sadauki ke ɗaurawa a ido.

"Kwantar da hankalinki. Da wannan, ko uwar da ta haife shi ba ta gane shi. Ba ki san ni ba, ban san ki ba."

"Zai rufe sanƙon?" in ji Maman Auta. "Zai rufe gashin bakin? Zai rufe muryar?"

"Ke ba ki karanta littafin ba."

Washegari aka fara awo. Duk wani tela zai auna mai sa kaya ne, amma Tela ya ce a nan masu fim suka ɓata, suka auna ɗan wasa maimakon su auna Sadauki. Shi sai ya ɗora tef ɗin awo a kan zanen. Ya auna kan Sadauki, ya mai da shi ma'auni. Faɗin kafaɗu ya ba shi kai huɗu. Ƙugu, kai ɗaya. Alkyabba, kai ashirin da huɗu. Sannan ya miƙa wa matarsa tef ya ce ta auna masa nasa kan. Shi kuwa Allah ya yi shi da wadatar kai, ko hula sai ya ɗinka da kansa. Da ya buga lissafi da alli a bango, kafaɗu suka kai yadi ɗaya da rabi, alkyabba ta tashi yadi tara.

Maman Auta ta buɗe wani shafi. "To ai a nan alkyabbar ko ƙasa ba ta taɓa ba."

"Iska ce ta naɗe ta."

"A nan kuma ta fi benen da yake tsaye a kai tsawo."

"Wannan ita ce ta gaskiya."

"Mai zanen nan ya taɓa riƙe tef kuwa?"

Shi kuwa idonsa na kan labulen falo. Shuɗaye ne, masu kauri, guda huɗu, ƙanwarta ce ta kawo mata su. Ta je kasuwa ranar Talata, ta dawo ta tarar da falo tsirara, masu wucewa na gaishe ta ta taga. Ranar Laraba ta zauna a kan gado ta ji ta a kan katako. An farke katifa ta gefe, an zare rabin soso, an mai da ɗinki tsaf kamar ba a taɓa ba. Da wannan soson aka yi ƙirji da damatsa.

Amma soso ba ya tsayuwa da kansa, kafaɗun suka riƙa zubowa kamar kunnen akuya. Tela ya tafi wajen Mai walda a ƙarshen layi, mutum mara yawan magana. Mai walda ya kalli zanen, ya kalli Tela.

"Rataye kaya za ka yi?"

"Kafaɗu ne."

"Na wa?"

"Nawa."

Mai walda ya yanko rodi, ya lanƙwasa, ya haɗa. Da ya gama ya ce, "Ƙarfe na ba ka, ban ba ka shawara ba. Ka shaida."

Saura ƙugu. Kai ɗaya littafi ya ce, cikin Tela kuwa ya yi kai uku har da ɗoriya. Ya daina cin abincin rana kwana biyu, tef bai motsa ba. A ƙarshe Maman Auta ce aka aika gidan maƙwabciya ta aro bel ɗin ɗaure ciki na masu jego. Maƙwabciya ta riƙe baki, ta kalli cikin Maman Auta, ta ce, "Ikon Allah. A wannan shekarun? Yaushe aka sauka ba mu ji ba?"

"Ba ni ba ce. Maigidan ne."

Kafin ta iso gida, labarin ya riga ta.

Ranar Asabar Auta ta fita tun da safe ba ta karya ba. Da hantsi aka fara sa wa Tela kaya a cikin shago. Mai walda ya taka bango ya ja bel, Mai aski ya ja ɗaya gefen, har idanun Tela suka firfito, muryarsa ta koma siririya. Aka ɗora ƙarfe, aka zura riga, aka ja zif. Matsattsen wando shuɗi, ɗan kamfai mai ruwan ɗorawa a kai. Aka ɗaura ƙyallen ido. Ya cusa takardar kurakurai a kamfai, tunda a littafi Sadauki ba shi da aljihu. Maman Auta ta kalle shi sau ɗaya ta kau da kai. Ɗinkin dai ba inda ya karkace. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ƙofar shago ta ƙi shi. Sai da ya juya a karkace, ya fita da gefe, taku ɗaya-ɗaya.

"Ku ba da hanya," in ji Mai aski. "Ga Sadaukin Kaguwa nan."

Duk layin ya ɗauka. Tela ya tsaya a tsakiyar titi, ya ɗaga yatsa iya inda soso ya bari hannun ya kai.

"Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da za ka ga na bi a karkace."

Ba motar hayar da ta yarda ta ɗauke shi. Wani direba ya tsaya, ya leƙo, ya ce shi ba ya ɗaukar kujeru. Aka tafi a ƙafa. Mai aski ya naɗe jelar alkyabba a hannu yana biye, wai taimako, alhali gudun kada wani abu ya wuce shi yake. Maman Auta na can baya da jakarta, nesa yadda ba za a ce tare suke ba, kusa yadda idan ya faɗi za ta gani. Babura na kauce masa. Kafaɗar dama ta kwashe wa mai jarida jaridu, da ya juya ba da haƙuri ta hagu ta ture allon wani mai gyaran waya. A ƙofar kanti wata mata ta tsai da shi ta ce, "Malam, tallar katifa ce? A wane bene shagon naku yake?"

A sama, yawancin masu kallo sun riga sun shiga, saura na kan layi. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hoto. Auta na tsaye a bakin ƙofar zauren cikin rigarta mai guga biyu, fuskarta kamar an kawo mata labarin mutuwa. Tela ya miƙa mata tikiti.

"Baba, don Allah," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Wane ne Baba? 'Yammata, yaga tikiti, aiki ne a gabana."

Tikitinsa daidai ne, ba ta da hujjar hana shi. Ta yaga. Ta ce, "To ka bi da gefe."

Ya dubi ƙofa, ya dubi Mai aski da ke murmushi a bayansa. Ya ja da baya taku biyar, ya saita ƙirji, ya taho a guje.

Ƙarar da aka ji irin ta rufe ƙofar gareji ce. Rodin ya ɗan lanƙwashe ya shiga, sannan ya miƙe ya cije katakon ƙofa hagu da dama. Tela ya tsaya cak, fuska a cikin zaure, alkyabba a waje, dugadugansa ba su gama taɓa ƙasa ba. Ya yunƙura gaba, shiru. Ya yunƙura baya, shiru. Ana cikin haka fitilun ciki suka mutu, fim ya fara, don na'ura ba ta san da zuwansa ba.

Mutum arba'in da tikiti a hannu suka tsaya suna kallon bayan Sadauki.

"Malam, shiga za ka yi ko fita?"

"Ina nazari ne," in ji siririyar murya.

"Ka yi nazarin a gefe mana."

Auta ba ta tsaya kuka ba. Ta kunna 'yar tocilarta, ta ce kowa ya biyo ta, ta zagaya da su ta baya, ta ƙofar da ake buɗewa idan gobara ta tashi, ta zaunar da kowa a kujerarsa. Tana dawowa Manaja na isowa, wani ɗan gajeren mutum da tarin makullai a ƙugu. Ya zagaya abin da ya toshe masa ƙofa, ya latsa soso da yatsa.

"Mene ne wannan?"

"Mai kallo ne, ranka ya daɗe. Yana da tikiti."

"Kin san shi?"

"Ba ta san ni ba," in ji Tela daga ciki. "Ban taɓa ganinta ba. Ko Auta?"

Maman Auta ta dafa bango. Auta ta dubi Manaja.

"Babana ne, ranka ya daɗe."

Manaja ya dubi agogo. "Ƙarfe huɗu saura kwata za a tashi, mutum ɗari biyu za su fito ta nan. Ƙarfe huɗu wasu ɗari biyu za su shiga. Idan lokacin ya yi ƙofar nan na toshe, ko kuwa aka ɓalle min katako ko da ɗan yatsa ne, ki ninke rigar nan ki ajiye min a tebur. Kin ji?"

"Na ji."

Aka fara da turi. Masu gadi biyu da Mai aski suka sa kafaɗa a bayansa, suka nutse cikin soso, suka dawo. Aka koma ja. Mutum shida suka kama alkyabba, yadi tara ya ishi kowa wurin riƙo, aka ƙirga uku aka ja. Wuyan Tela ya shaƙe, ƙafafunsa suka tashi sama, amma ko zare ɗaya bai tsinke ba.

"Ɗinkina ne," ya ce da ya sami numfashi. "Ku gaya wa masu fim."

Mai shara ta kawo shawarar ruwan sabulu, ta ce da shi ta taɓa cire zobe. Aka kwarara bokiti guda a kafaɗun. Soso ya shanye tas, ya kumbura, ya ƙara nauyi, ruwa ya bi ƙafar wando ya taru a ƙasa. Takardar kurakurai ashirin da bakwai ta jiƙe ta zama kamar kunu. Daga cikin zaure mutane na ta ƙorafin haske na shigo musu ta ƙarƙashin hammatarsa, sai aka ɗauko jelar alkyabbar aka toshe wurin.

Aka kira Mai walda a waya. Ya ɗauki lokaci kafin ya iso, ya duba dama, ya duba hagu.

"Idan na sa injin yanka, tartsatsi zai kama soso ya ƙone shi. Idan na sa guduma, katako zai tafi."

"Ba hanya ta uku?" in ji Maman Auta.

"Da babu mutum a ciki, taka tsakiyar ƙarfen zan yi ya lanƙwashe, ya faɗo da kansa. Mutumin ne matsalar."

"Shekara ashirin da shida ke nan," ta ce.

A nan ta lura cewa Tela ya daɗe bai yi magana ba, abin da bai taɓa faruwa ba ko a barci. Bel ɗin nan ne, ta ce a ranta, ya tsayar masa da zuciya, ga shi za a ce miji ya mutu mata a tsaye cikin labulen ƙanwarta. Ta tattare zani, ta durƙusa cikin ruwan sabulu, ta kutsa ta ƙarƙashin hammata ta leƙa fuskarsa.

Bakinsa a buɗe yake, idonsa a kan allo. Ƙyallen idon ya jiƙe sharkaf, kuma ba ruwan sabulu ba ne.

"Baban Auta?"

"Shhh. Uwarsa ce ta gane shi. Tun farko ashe ta sani, ta yi shiru."

"Kuka kake yi?"

"Sabulu ne." Sai ya ɗaga murya, "Bayanka, Sadauki, yana bayanka!"

Zaure gaba ɗaya ya juyo ana ce masa ya rufe wa mutane baki.

Ta duba agogon waya. Uku da rabi saura kaɗan. Ta buɗe jaka ta zaro almakashi, don matar tela ba ta fita ba shi.

"Zan farka rigar, ka zame ta ƙasa."

"Wace rigar? Kwana biyar ina ɗinka ta. Babu irinta a duniya, har wajen masu fim."

"Na sani."

"To ki bari a gama. Gada ce ke karyewa, akwai mata a kai da jariri. Minti goma sha biyar kawai."

"Minti goma sha biyar ɗin su ne ba mu da su."

"Ke ba ki gane ba ne."

Maman Auta ba mai ɗaga murya ba ce, kuma ba ta ɗaga ba. Ta matso daf da kunnensa.

"Ba ka iya juyawa, to bari in gaya maka abin da ke bayanka. 'Yarka ce a tsaye. Ta cire 'yar alamar sunanta daga ƙirji, tana riƙe da ita a hannu. Ta fara ɓalle maɓallin hannun riga. Ba ta ce maka komai ba, kuma ba za ta ce ba. Gobe za ta mai da takardarta cikin leda."

A allo ƙarafan gada na ta tsinkewa. Tela ya kalla, ya ƙara kalla. Sannan ya rufe ido.

"Yanka," ya ce. "Amma ki bi kan ɗinki."

Ba ta bi kan ɗinki ba. Ta sa almakashi daga wuya ta tsarge har ƙasa, ta yanke igiyar alkyabba, ta ɓalle bel. Cikin da aka tsare tun hantsi ya fito gaba ɗaya kamar an kwance buhu. Tela ya sulale ta ƙasa, Mai aski da masu gadi suka ja shi ta ƙafa zuwa waje a kan santsin sabulu. Mai walda ya taka ƙarfe sau biyu, kafaɗun Sadauki suka faɗo. Auta ta ja ƙofa ta rufe a hankali, yadda aka koya mata.

A lokacin masu nunin ƙarfe huɗu sun cika barandar. Abin da suka gani shi ne dattijo mai sanƙo zaune a cikin kumfa, da singileti, da matsattsen wando, da ɗan kamfai mai ruwan ɗorawa a kai, da baƙin ƙyalle a ido. Wani tsoho ya sunkuyo ya dube shi da kyau.

"A'a, Tela? Kai ne? Ina wandona da ka ce in zo Laraba?"

Dariyar da aka yi har masu sayar da gugguru sai da suka bar wurinsu suka zo. Daga cikin zaure kuma aka ji tafi ya tashi, an gama fim. Tela ya juya ya kalli rufaffiyar ƙofa.

Manaja ya zo ya bi katakon da yatsa daga sama har ƙasa, hagu da dama. Akwai ƙarzuwa biyu, amma ba abin da ya ɓalle. Ya ce Auta ta biyo shi ofis. Maman Auta ta tsaya a waje tana ninke ragowar labulenta, ta ninke ta warware, ta ninke ta warware. Ƙofar ofis ta buɗe, Auta ta fito da alamar sunanta a ƙirji da takarda a hannu.

"Ya ce wadda ta zaunar da mutum arba'in cikin duhu ubanta na maƙale a ƙofa, babu abin da zai firgita ta kuma. Mama, ki tafi min da ita gida, kada ta jiƙe."

Maman Auta ta karɓa da hannu biyu, ta duba sa hannun, ta sake dubawa. Sannan ta zauna a kan kafaɗun Sadauki.

Tela ya matso, lulluɓe da labule ɗaya. Ya cire ƙyallen ido.

"Auta," ya ce a hankali, "ya cece ta kuwa? Matar da ke kan gada?"

"Ba ma faɗa wa mutane ƙarshen fim, Baba. Doka ce."

"To gobe ƙarfe nawa ake sake nunawa?"

"Akwai takardar waɗanda aka hana shiga. Yau aka buɗe ta, sunanka ne kaɗai a ciki, kuma ni aka ba riƙonta. Manaja ya ce ranar da ya gan ka a benen nan, tare za mu sauka."

Ta koma bakin ƙofa ta ci gaba da yaga tikiti.

A hanyar gida Mai walda ya ɗauki rodinsa a kafaɗa, Maman Auta ta rungume jaka a ƙirji. Tela ya jera da Mai aski.

"Kai da ka kalla sau uku. Ya cece ta?"

"Zan gaya maka. Gobe da safe ka tsaya a gaban benci, ka ce wa mutane fim ɗin ya yi kyau."

Suka wuce mai gyaran waya, suka wuce mai jarida, kowanne ya bi shi da harara. Sai da suka shigo layi ya gyara labule a kafaɗa, ya yi gyaran murya.

"Sun dai ɓata shi," ya ce. Ya yi taku uku. "Amma jaririn fa?"